Yadda nake nuna wa ɗalibaina samuwar duniyoyi da ƙwarya da garin gero

Shekaru na yi ina zana da'irori a allo, yara na kwafa, kan su fita daga aji sun manta. Ran da na ɗauko ƙwaryar maiɗakina na shiga aji da ita, ranar darasin ya zauna. Malamin da ke son gwadawa ya tanadi ƙwarya, garin gero gwangwani biyu, ruwa, zare mai ƙwari, ƙaramin dutse, fankon biro, ƙanƙara, da kaskon gawayi.

Fara da zaren. Zura shi ta cikin fankon biro, ka ɗaure dutsen a baki ɗaya, ka riƙa wulwula shi sama da kanka. Sai ka ja zaren ta ƙasa. Yara za su ga dutsen ya ƙara gudu yayin da da'irar ke tsukewa. Nan za ka gaya musu cewa kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce wani ƙaton gajimare na iskar gas da ƙura ya fara durƙushewa ƙarƙashin nauyin kansa. Yana tsukewa yana ƙara juyi, har ya baje kamar faifai. Tsakiyarsa ta zama Rana, ta kwashe sama da kashi 99 cikin 100 na kayan. Duk duniyoyin nan da ragowar aka yi su.

A daidai nan wani yaro kan ɗaga hannu: "Malam, ba Allah ne ya halitta ba?" Nakan ce masa ƙwarai kuwa, mu sawun aikin muke bi, kamar yadda muke karanta yadda jariri ke girma a ciki.

Sai ƙwarya, inda nake daɗewa. Zuba garin, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka riƙa juyawa. Kada ka cika ruwa, na taɓa yi, kunu na samu. Ƙananan gudaji za su fito, masu ɗan girma na naɗe na kusa da su suna ƙara ƙiba. Haka ƙurar faifan ta manne ta zama tsakuwa. Amma ka faɗa wa yara inda ƙwaryar ta gaza: a sama ba yayyafin ruwa ke haɗa ƙurar ba, kuma duwatsun da suka kai kamar mita ɗaya sukan farfashe in sun yi karo, ko iskar gas ta rage musu gudu su gangara wajen Rana. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi shi ne tsakuwar kan taru cincirindo wuri guda, nauyinta ya dunƙule ta a tashi ɗaya ta zama dutse mai faɗin kilomita da yawa. Daga nan ƙarfin jan nauyi ya karɓi aikin, babba na haɗiye ƙarami.

Yanzu kaskon gawayi. Jera ƙanƙarar daga gindin wuta zuwa nesa. Ta kusa za ta narke nan take, ta nesa ta jima. Kusa da Rana dutse da ƙarfe kaɗai suka jure zafi, shi ya sa Uɗaridu (Mercury) da Zahra (Venus) da duniyarmu da Mirrihi (Mars) suka fito ƙanana masu duwatsu. Bayan Mirrihi ruwa na daskarewa, kayan gini suka yawaita, Mushtari (Jupiter) ya yi girman da ya janyo gas kafin gas ɗin ya watse cikin 'yan miliyoyin shekaru. Nauyinsa ya ninka na duniyarmu sau 318.

In akwai waya da data, nuna musu hoton tauraron HL Tauri wanda madubin hangen nesa na ALMA da ke ƙasar Chile ya ɗauka a 2014. Faifai ne sak, da zobba da ramuka a tsakani inda ake kyautata zaton jariran duniyoyi na share hanya. Yana ɓangaren saman da Kaza da 'Ya'yanta suke, tazarar tafiyar haske ta shekara kusan 450.

Kada ka bar su su tafi da cewa kowane tauraro tsarin namu ya bi. A 1995 masana taurari Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniyar gas da ke zagaye tauraron 51 Pegasi cikin kwana 4 da 'yan sa'o'i, a liƙe da wutar tauraron. Ana ganin a nesa ta samu, sannan ta yi ƙaura zuwa ciki. Nakan ɗauki babban gudan gari in gangaro da shi gindin kasko, su gani da idonsu.

Da yamma na kan ce su duba sama su nemo Zahra. Ga 'yan Katsina kuwa ina da ƙari: dutsen da ya faɗo a Zagami a watan Oktoban 1962, mai nauyin kusan kilo 18, bincike ya nuna ɓallin Mirrihi ne.