Shawara ga masu koya ma yara rugbi a Maradi

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ina lakwal nike buga rugbi, yanzu gwiwa ta ƙi sai horar da yara, shi ya sa nike roƙonku don Allah kar ku fara ma yaro da kayarwa, wato kama mai gudu da balo a kai shi ƙasa. Ku samu ƙyalle biyu ku soke mishi a ƙugun wando, wanda ya fizge ƙyallen kamar ya kada shi ne, sai mai balo ya tsaya ya miƙa ma na bayanshi. A haka zai saba da cewa ba a jefa balo gaba da hannu, kuma ku fara da 'yan bakwai bakwai tunda haɗa 15 a kowane ɓangare, yadda ake yi a cikakken wasa, wuya gare shi a unguwa.

In lokacin kayarwa ya zo kar a yi a fili mai tsakuwa, ku nemi yashi mai laushi irin na gulbi da rani, su fara a durƙushe. Kafaɗa a cinya, hannu biyu su rungume, kai kuma a gefe ko bayan mai gudu, kada ya shiga gaban gwiwa, nan ne wuya ke karyewa. Yaranmu masu kokowa sun iya kamu wallahi, amma sun saba ɗaga mutum sama su maka, a rugbi kuwa haɗari ne babba, har jan kati ma ana iya ba da.

Wanda ya bugu a kai ya ce jiri ko ya yi amai, a fidda shi nan take a kai shi likita, ko yana kuka kar ya koma ranar.