Yadda Ake Sauya Bawul ɗin Solenoyid a Injin Esfireso na Gida

Idan ka danna maɓallin haɗa kofi, famfo yana ta ƙugi amma ko ɗigo bai sauko ba, alhali ta bututun tururi ruwa na fita lafiya lau, to ka fara zargin bawul ɗin solenoyid. Haka ma idan ka gama haɗawa, ka murɗe mariƙin kofi sai ya yi maka feshi, ko ka tarar garin ya zama caɓi.

Bawul ne mai hanya uku, irin wanda ke cikin Rancilio Silvia da yawancin Gaggia Classic. Da wuta ta shiga kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke jikinsa, sai ya zama maganaɗisu, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai sifirin, ruwa ya wuce daga boila, wato tukunyar dafa ruwan injin, zuwa kan kofi da matsin kusan bar 9 (bar ma'aunin matsi ne). Da ka kashe, ƙarfen ya koma, ragowar matsin ya fice ta hanya ta uku zuwa tiren da ke ƙasa. Wannan "fush" da kake ji a ƙarshe, aikinsa ne. Ka dai tabbatar injinka yana da shi, domin Gaggia Classic samfurin 2015, misali, ba a sa masa ba.

Kada ka yi gaggawar sayen sabo. Sau da yawa bawul ɗin bai mutu ba, ƙofarsa ce ta toshe da farin dattin nan da ruwa ke bari idan ana dafa shi. Ramin ƙanƙane ne ƙwarai, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya rufe shi. Don haka kunna injin ka kasa kunne. In ka ji ɗan "ƙas" lokacin da ka danna maɓalli, kwayil na da rai, matsalar toshewa ce. In shiru ne, ko wani zuuu mai karkarwa, sai an gwada.

Zare filogi daga soket, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. Bar injin ya huce sarai, domin ruwan boila kan wuce digiri 100 idan an yi tururi. Buɗe bawul ɗin tururi iskar ciki ta fita, cire tankin ruwa, sannan ka kwance sukurorin murfin sama. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton wayoyin da wayarka, daga gefe biyu ko uku. A Gaggia Classic za ka ga wani ɗan akwati baƙi a kan gindin tagulla, wayoyi sun shiga gefensa, tiyo kuma ya fita daga samansa. Shi ne.

Zare wayoyin ta hanyar kama bakin ƙarfensu, kada ka ja wayar. Sa mitar gwajin wuta a kan om, wato ma'aunin turjiyar wuta, ka taɓa ƙafafun kwayil biyu. In mita ta nuna babu haɗi ko kaɗan, kwayil ya ƙone, kuma shi kaɗai ma ana iya sauyawa: noti ɗaya ne ke riƙe da shi a sama. Karanta rubutun jikinsa da kyau, musamman ƙarfin wuta, ko volt 230 ne ko 120, da kuma wat. Kamfanoni irin su Parker, CEME da Olab duk suna ƙera su, kuma kamar da suke yi da juna kan ruɗi mutum. Kwayil ɗin 120 a wutar 230 nan take zai ƙone. Wani abu kuma: kada ka taɓa ba kwayil wuta alhali ba ya kan sandar bawul ɗin da ake zura shi a kai, zafi zai cinye shi.

In kwayil lafiya yake, cire tiyon sama, kwance notin, zare kwayil ɗin, sannan ka kwance ƙusoshi biyu masu kan alanki da suka ɗaure gindin bawul da jikin injin. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, ruwan boila zai zubo. A ƙarƙashin gindin akwai ƙananan zobban roba biyu. Tsofaffin sun riga sun daskare sun baje, saboda haka ka sa sababbi ko da tsohon bawul ɗin za ka mayar. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, domin yawancin yoyon da ake gani bayan gyara daga waɗannan zobban yake.

Mai son ceto tsohon sai ya kwance sandar daga gindin da sifana, a hankali kada sifirin ya yi tsalle ya ɓace. Jiƙa gindin tagullar cikin ruwan ɗumi da garin sitirik asid, ka ɗauraye, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ramin. In haske bai ratsa ba, tsokane shi da siririn allura ba tare da ka faɗaɗa shi ba. Kwayil kam kada ya ga ruwa. In robar da ke bakin ɗan ƙarfen ta fashe ko ta lotsa, wanki ba zai yi magani ba, sabo za ka sa.

Wajen mayarwa, goge wurin zaman bawul ɗin tas, zaunar da zobban cikin gurbinsu, ɗora gindin ya fuskanci yadda tsohon yake. Ɗaure ƙusoshin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har su kama daidai. Kada ka nuna musu ƙarfi, tagulla da alminiyam ba sa jure wa murɗa, zaren ƙusa kan tsinke. Mayar da kwayil, noti, tiyo da wayoyi bisa hoton, har da wayar kariya mai kore da rawaya.

Cika tanki, buɗe bawul ɗin tururi, kunna famfo har ruwa ya fito ta bututun, don boila ta cika kafin ta fara zafi. Hita ba ta son tukunya babu ruwa. Sannan sa kwandon da ba shi da huda a mariƙin, kunna na daƙiƙa kaɗan, ka kashe. Ruwa ya kamata ya feso cikin tire da ƙarfi. Zare filogi, shafa busasshen tishu kewaye da gindin bawul ɗin. In ya fito a jiƙe, zobe ɗaya ya goce, sai ka sake kwancewa ka zaunar da shi kafin ka rufe murfin.