An tambayi majinyaci ko akwai abinci a gida, sai kuma me? Kurakuran da aka fi yi wajen auna wannan aiki

Likita ya rubuta wa mai ciwon sukari magani, ya ce a sha bayan an ci abinci, alhali gidan babu abincin. Irin wannan ne ya sa cibiyoyin lafiya na matakin farko suka fara tambayar majinyata halin da suke ciki a gida. A Amurka, shirin gwamnati na AHC (Accountable Health Communities), da aka fara a 2017 don gano buƙatun majinyata na gida da haɗa su da masu ba da agaji, ya tsaya kan abubuwa 5: abinci, muhalli, abin hawa, wuta da ruwa, sai kuma ko akwai mai cin zarafin mutum. Niyya dai babu laifi. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen gano ko aikin ya yi amfani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga takardu. Rahoto zai ce an tantance mutum kaza, an tura kaza zuwa ƙungiyoyin agaji. Wannan ya nuna ma'aikata ba su zauna ba, amma bai nuna ko tukunya ta hau wuta ba. Wanda aka ba lambar waya ya kira ba a ɗauka ba, shi ma a takarda "an taimaka masa". Gyaran shi ne a raba lissafin uku: wanda aka tura, wanda ya isa wurin, da wanda buƙatarsa ta biya. Bayan wata 3 ko 6 a sake yi masa tambayar farko da kalmominta. Idan da can an tambaye shi ko yana fargabar abinci ya ƙare kafin ya sami kuɗin sayen wani, to ita za a maimaita.

Na biyu ya fi haɗari, domin masana ma yana rufe musu ido: kwatanta halin majinyata kafin shiri da bayansa kawai. A birnin Kamden na jihar Niyu Jasi, an yi wani shiri da ya yi suna wajen bibiyar waɗanda aka fi yawan kwantarwa a asibiti. Idan aka dubi kafin da bayan, kwanciyarsu ta ragu ƙwarai. Sai aka raba majinyata 800 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a cikin shirin, rabi a kulawar da aka saba. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cikin kwana 180 an sake kwantar da kashi 62.3 cikin ɗari na 'yan shirin, da kashi 61.7 na sauran. Kusan babu bambanci. Dalili kuwa, an ɗebo mutanen ne a lokacin da jikinsu ya fi tsanani, kuma wanda ya kai ƙololuwa, ko ba a yi masa komai ba, yawanci zai ɗan sauko. Don haka a nemi rukunin kwatance, wato majinyata irinsu da ba sa cikin shirin, tun daga farko. In ƙuri'a ba za ta yiwu ba, a kwatanta da waɗanda ke jiran layi, ko da wata cibiya makamanciya da ba ta fara shirin ba.

Akwai kuma masu auna komai da kuɗin da asibiti ya rage kashewa. A ganina wannan ma'auni ya yi ƙunci. Iyalin da suka sami wurin kwana sun amfana, ko da lissafin asibiti bai motsa ba a shekarar farko.

Sai waɗanda suka ɓace daga lissafi. Mai kunyar faɗin cewa ya kwana da yunwa zai ce lafiya lau, musamman in an tambaye shi a gaban jama'a. Wanda aka kora daga gidan haya ko layinsa ya daina shiga, ba a samunsa ranar bibiya, kuma galibi shi ne ya fi kowa shan wahala. A yi tambayar a keɓe, a karɓi lambar wani na kusa da izinin majinyacin, kuma kowane rahoto ya faɗi mutum nawa aka nema ba a samu ba.