Yadda ake amfani da dexamethasone don rage kumburi bayan cire haƙorin ƙarshe

Haƙorin nan na can ƙuryar baki, mai fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, yakan maƙale cikin ƙashi, sai an tsaga dasashi kafin a fitar da shi. Kumburin da ke biyo baya yakan kai matuƙa a kwana na biyu zuwa na uku, muƙamuƙi ya riƙe, buɗe baki ya gagara. Maganin sitiroid irin dexamethasone wannan kumburin yake tarewa.

Lokacin shan sa shi ne babban abu. Likitocin haƙori sukan ba da miligiram 4 zuwa 8 sau ɗaya, a haɗiya kamar awa ɗaya kafin aiki, ko a yi allurarsa a jijiya ko a dasashi kusa da haƙorin bayan an kashe wurin. Dalili kuwa, maganin yana hana jiki sakin sinadaran da ke jawo kumburi, kuma yakan ɗauki awanni kafin ya kama. Idan aka bari sai kunci ya cika, amfaninsa ya ragu ƙwarai. In likita ya ƙara na kwana ɗaya ko biyu, a sha da safe bayan an ci abinci, don da dare yakan hana barci.

Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma zafin da yake ragewa kaɗan ne. Don ciwo, paracetamol miligiram 1000 da ibuprofen 400 ake bayarwa. Mai gyambon ciki ya yi hattara, haɗa ibuprofen da sitiroid na iya sa ciki ya yi jini.

Kafin a fara, a faɗa wa likita in akwai ciwon suga, domin suga yakan hau na kwana ɗaya zuwa biyu. Haka ma hawan jini, tarin fuka, juna biyu, ko ruɓa a haƙorin. Wanda ya saba sayen dexamethasone (dexa) a kemis don ƙiba, wato "sha ka fashe", lallai ya faɗa, kada kunya ta hana shi. Mai yiwuwa jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin sitiroid, kuma jininsa na iya faɗuwa lokacin aiki.

Ranar farko a dinga ɗora ƙanƙara a tsumma kan kunci, minti 20 a huta 20. Kada a kurkure baki sai bayan awa 24, da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ban da sigari, ban da zuƙo abin sha da tsinke, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Idan zafi ya dawo da ƙarfi a kwana na uku zuwa na biyar har yana harba kunne, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, a koma asibiti, kada a ƙara dexa.