Yadda Za Ka Fara Tara Bindigogin Ado a Ingila Ba Tare da Ka Taka Doka Ba

Duk wanda ya tashi a garin da ake hawan sallah ya san ƙarar bindigar toka. Kafin ka hango laimar sarki za ka ji "dim!", farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika hanci, dawakai su ɗan zabura. A lokacin in an ce 'yan bindiga, waɗannan bayin Allah masu jajayen kaya ake nufi, ba abin da kalmar ta koma yau ba. Daga nan sha'awata ta samo asali, kuma ta sake tasowa ranar da na shiga gidan adana makamai na Royal Armouries da ke Leeds, inda ake shiga kyauta, na ga irin bindigogin nan namu a jere cikin gilashi.

Abin da nake tarawa ba ya harbi. Bindigogin ado ne, na kwaikwayo, bututunsu a toshe. Amma kada wannan ya ruɗe ka, doka ta sa musu ido sosai. Bayanin da zan yi na Ingila da Wales ne, domin Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu ƙarin ƙa'idoji.

Mataki na farko: riƙe shekarar 1870 a kanka

Dokar da ta fi shafar wannan harka ita ce ta rage laifukan tashin hankali ta 2006, wadda 'yan kasuwa ke kira VCRA a taƙaice. Sashenta da ya shafe mu ya fara aiki a watan Oktoban 2007. Ta haramta ƙerawa, sayarwa, ko shigo da duk bindigar kwaikwayon da ido ba zai iya bambanta ta da bindigar zamani ta gaske ba. Kuma ta fayyace abin da take nufi da "ta zamani": duk wadda ba ta yi kama da ƙirar kafin 1870 ba.

To nan ƙofar take. Kwaikwayon bindigar da aka ƙera kafin 1870, in ka kai shekara 18, za ka shiga kanti ka biya ka ɗauka, ba lasisi, ba takardar kowa. Wannan ya haɗa da Brown Bess, doguwar bindiga mai ƙanƙara (dutsen ƙyasta wuta) da sojan Birtaniya suka riƙe fiye da shekara ɗari tun daga 1722, da Enfield ta 1853, da ƙaramar Colt Navy ta 1851, da Winchester ta 1866. Amma Colt ta 1873, wadda ake gani a ƙugun 'yan kaboyi a finafinai, ta makara da shekara uku. Martini-Henry ta 1871 ma ta makara da shekara guda tak. A idon mai kallo duk tsoffin kaya ne, a idon doka ba ɗaya suke ba.

Ka lura da wani abu: wannan sassauci na wadda ba ta harbi ne kawai. Akwai sabbin bindigogi masu siffar na dā waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki su kuma tashi. Waɗannan bindigogi ne na sosai, sai da lasisin 'yan sanda. In ka ga bututun ƙarfe a buɗe tun daga baki har ciki, tsaya ka yi tambaya kafin ka zaro kuɗi.

Mataki na biyu: zaɓi zamanin da za ka bi

Mai tarawa ba tare da alkibla ba, kafin shekara ta zagayo ɗakinsa ya koma kamar rumfar 'yan gwangwan. Ka ɗauki zare ɗaya ka bi. Ni na ɗauki bindigogi masu ƙanƙara, saboda su ne kakannin bindigar tokar da muka sani. Maƙeran Birmingham sun ƙera irinsu da yawan gaske a ƙarni na 18 da na 19 domin kasuwar Afirka ta Yamma, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, da yawansu da bayi aka musanya su a bakin teku. Turawa ma har yau da sunan mutanen Denmark suke kiran bindigar toka, saboda fatakensu da suka yi zama a gaɓar Accra. Saboda haka in na ɗauki guda a hannuna, na ja kan da ke riƙe da ƙanƙara baya ya ce "ƙyas", tarihin da ya biyo ta kanmu nake taɓawa, mai daɗinsa da marar daɗinsa.

Kafin ka sayi ko ɗaya, je ka kalli na ainihi. In Leeds ta yi maka nisa, akwai gidan tarihi na Wallace Collection a Landan, shi ma kyauta ne. Idon da ya ga na gaske ba a cika sayar masa da tarkace ba.

Mataki na uku: saya a cikin ƙasa, a hannun wanda ya san doka

Nan ne na sha ƙasa, don haka zan ɗan daɗe.

Farkon shigata harkar na ga wata ƙaramar bindigar kwaikwayo ta zamanin yaƙin duniya na biyu a wani shafin intanet na ƙasar waje, da araha kamar an tsinto. Na biya, na zauna jira. Sati uku babu labari, sai ga wasiƙa mai ruwan ƙasa: an riƙe kayan a bakin shigowa, in ina da hujjar da doka ta yarda da ita in kawo. Ba ni da ita. Kuɗina ya bi ruwa, kuma na kwana biyu gabana na faɗuwa duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa. Laifina ne ɗungurungum. Abin da ban gane ba shi ne, a cikin ƙasa nauyin dokar yana wuyan mai sayarwa, amma da zarar ka yi oda daga waje, kai ne mai shigo da kaya, nauyin ya dawo wuyanka. Mai shafin can ba ruwansa, shi dai ya ga kuɗi.

Ɗan kasuwar kirki a nan zai nemi shaidar shekarunka, domin sayar wa wanda bai kai 18 ba laifi ne, shi ma yaron da ya saya ya yi laifi. Zai gaya maka wadda zai iya sayar maka da wadda ba zai iya ba. In ka ji mai kaya yana cewa "kawo kuɗi kawai, ba matsala", kama gabanka.

Yawancin abin da za ka tarar a kantuna ƙirar Denix ne, wani kamfanin Sifen da ke tsibirin Menorca. Da katako da gaurayen tutiya suke yin su, ƙarfen da ba ya jure wutar albarushi, kuma da gangan aka zaɓe shi. Sun dace da mai farawa.

Sai wani gargaɗi da ba na wasa ba. Ka nisanci bindigogi masu ƙara ba harsashi, irin waɗanda ake tayar da 'yan tsere da su. Wata doka ta 1982 ta ce duk kwaikwayon da za a iya mayar da shi mai harbi cikin sauƙi, bindiga ce ta gaske. A watan Fabrairun 2025 sai da 'yan sanda suka ba da wa'adin kusan wata guda ga masu wasu ƙirar Turkiyya (Retay, Ekol, Ceonic da Blow) su miƙa su ba tare da hukunci ba. Mutane sun saye su a kanti da halaliyarsu, rana ɗaya suka wayi gari da haramtaccen makami a durowa.

Mataki na huɗu: in zuciyarka ta nace sai ta zamani

Na san wasunmu Lee-Enfield suke so, bindigar da kakanninmu suka saɓa a yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma. Dalili ne mai kyau, sai dai doka ba ta ɗauki "ina tarawa ne" a matsayin hujja ba. Hujjojin da ta lissafa su ne gidan tarihi, wasan daɓe, shirin fim ko talabijin, ƙungiyoyin da ke kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi kuma suna da inshora, da masu wasan harbin ƙwallayen roba da ake kira airsoft. Su 'yan airsoft suna da rajistar UKARA (ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft ta Birtaniya), wadda sai ka buga wasa sau uku a fili mai rajista, cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba, kafin a sa sunanka. In za ka bi nan, ka bi don kana son wasan da gaske.

Akwai hanya mai sauƙi amma marar kyan gani: bindigar kwaikwayon da aka shafe fiye da rabin jikinta da launi mai ƙyalli, ja, ruwan lemo, rawaya, kore, hoda, shunayya ko shuɗi, ko wadda ake ganin cikinta tar. Kowane baligi zai iya saye. Amma kada shaiɗan ya raya maka ka sayo baƙin fenti ka gyara ta a gida. Mayar da ita mai kama da ta gaske laifi ne mai zaman kansa a dokar. 'Yan mitsi-mitsin da ba su kai milimita 38 a tsaye da 70 a tsawo ba, su kam ba a ƙirga su.

Hanya ta uku ita ce bindigar gaske da aka kashe, aka toshe ta har abada. Kada ka karɓa sai da tambari da takardar shaida daga gidan gwajin bindigogi na Landan ko na Birmingham, kuma tun ƙarshen 2019 akwai ƙa'idar sanar da ma'aikatar cikin gida. Tana da tsada, ba ta ɗan koyo ba ce.

Mataki na biyar: daga kanti zuwa gida

Ajiye ta a gidanka ba laifi ba ne. Fita da ita bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har wata 12, kuma nan babu ruwan doka da 1870 ko launin fenti. In kuwa ka nuna wa wani ita don ka tsorata shi, ko da wasa kake a ranka, ana maganar har shekara 10 ne.

A bar ta cikin kwalinta, a naɗe, a but ɗin mota, kai tsaye gida, rasit a aljihu. Ba tsayawa a masallaci ko shagon nama don nuna wa abokai. A 1999 'yan sanda sun harbe wani mutum har lahira a unguwar Hackney ta Landan saboda an kira su an ce yana ɗauke da bindiga a leda, ashe ƙafar tebur ce. Ɗan sandan da ke nesa da kai ba shi da lokacin duba ko bututun a toshe yake.

A gida ma ka yi tunanin maƙwabci. Kada ka rataye ta inda za a hango ta taga, kada ka fita da ita tsakar gida ɗaukar hoto, kuma ka yi wa kanka faɗa kan ɗora hoton a Facebook ko TikTok. In haya kake, duba takardar yarjejeniya. In da yara, kabad mai gilashi da makulli, kuma a zaunar da uwargida a yi mata bayani tun kafin kwali ya iso, kada ta buɗe ta saki salati.

Mataki na shida: kula da rajista

Littafi guda ya isa: sunan ƙirar, shekarar asalinta, inda ka saya, ranar, da rasit a manne. Danshin ƙasar nan yana cin ƙarfe, don haka shafa ɗan kaki da tsumma mai laushi lokaci-lokaci, ka goge sawun yatsu bayan baƙi sun taɓa. Kuma ka hana su danna kunama suna jin daɗin ƙarar. Tutiya gautsi gare ta, in kan ya karye ba ya walduwa.

Mataki na bakwai: kada ka kai ta gida tsaraba

Wani aboki ya taɓa ce mini zai kai wa mahaifinsa, tsohon mafarauci, guda ɗaya ya rataye a zaure. Na ce masa ya rufa wa kansa asiri. Ba a shiga da ita jirgi a jakar hannu, a babban akwati ma sai kamfanin jirgin ya amince. Ko ta tsallake nan, jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su baki ɗaya ya ƙunshi ƙananan bindigogin iska da duk ƙaramar bindigar da aka sauya wa kama, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ko bindigar toka ba ta bari a baya ba. Zancen 1870 da launi mai ƙyalli na Ingila ne, ba ya tsallaka teku. Ka kwatanta kanka a shingen sojoji tsakanin Kaduna da Zariya da ƙarfe tara na dare, an haska tocila cikin but, kana ƙoƙarin bayyana cewa ta ado ce.

Ƙarshenta hoton Brown Bess ya sa aka wanke masa babba, aka yi masa firam, ya kai wa tsohon.