Yabo ba ciniki ba ne: kurakuran da aka fi yi kafin a zuba jari a sabuwar sana'a

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da ke Jos a tsakiyar rani, lokacin da tumatirin lambu ya yi yawa, ya san abin da ke sosa zuciya. Kwanduna jere, wasu har sun fara yoyo, mai kaya na neman wanda zai raba shi da su ko nawa ne. Bayan wata huɗu kuma, damina ta kankama, uwargida na ƙirga tumatir ɗaiɗai a faranti kamar ƙwai. Ba sai ka yi karatun kasuwanci ba tunani zai faɗo maka: me zai hana a busar lokacin araha, a niƙa, a ɗura a leda mai kyau, a sayar lokacin tsada?

Ni ma ya faɗo mini, ban kuma tsaya a tunani ba. Na sa mai walda ya haɗa mini akwatin busarwa, na buga takardar liƙawa mai hoton tumatir ja wur, na duƙufa ɗurawa. Yau akwatin yana can ƙuryar tsakar gida, kaji ke kwana a ciki. Kurakuran da zan zayyana a nan kusan duk na yi su, sauran kuma a gabana abokai suka yi.

Tambayar waɗanda ba za su iya ce maka a'a ba

Gwaggona na fara kai wa. Na ce, "Gwaggo, ya kika ga wannan?" Ta jujjuya ledar, ta ce, "Kai, ɗan nan, ma sha Allah! Ubangiji ya sa albarka, ya kawo kasuwa." A majalisa ma haka, kowa na cewa wallahi mutumina ka kawo shawara. Na koma gida ina jin birni duka jirana yake yi.

Addu'a abin so ce, kuma na gode. Sai dai ba ita ce amsar abin da nake son sani ba. Mu mutane ne masu kara. Wanda ya ga ka sha wahala a kan abu ba zai dube ka ya ce ba ya so ba, balle wanda kuka haɗa jini. Abin mamakin shi ne, kasuwarmu ta daɗe da sanin wannan bambanci, mu ne muke mantawa in abin ya zo kanmu. Wanda ya ce "kayan nan sun yi kyau" wucewa yake yi. Wanda ya ce "nawa?" ya ɗan tsaya. Wanda ya taya ya shigo ciniki. Wanda ya ba da kafin alƙalami kuwa ya ɗaure kansa. Kowane mai tebur a kasuwar Taminus ya san wannan tsani, ba ya kuma lissafa mai yabo a cikin cinikin ranar.

Gyaran ta hanya biyu ne. Na farko, daina tambayar gobe, tambayi jiya. Kada ka ce, "Hajiya, in na kawo garin tumatir za ki saya?" Ce mata, "Hajiya, a daminar bara da tumatir ya yi tsada, da me kika yi miya? A ina kika saya, nawa kuma?" Tambayar gobe alkawari take jawowa, alkawari kuwa ba a biyan kuɗinsa. Tambayar jiya labari take jawowa, a cikin labarin za ka ji abin da mutum yake yi da kuɗinsa in ba kowa a kansa. Kuma waɗanda ba su san ka ba za ka nema, kamar mutum 20 ko 30, ba 'yan unguwarku kaɗai ba.

Na biyu, ka sa farashi tun ranar farko. Rabon ɗanɗano kyauta ba ya nuna komai, don ba a ƙin na banza. In abin na oda ne, nemi kafin alƙalami ko kaɗan ne. Amma ka tuna, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: rubuta sunan mai kuɗi, da yawan kaya, da ranar kawowa, in kuma abu bai yiwu ba ka mayar wa kowa nasa cif. Jos ba ta da girman da za ka ɓata suna a Gangare ka gyara a Anguwan Rogo.

Ɗaukar koke a matsayin buƙata

Nan ne ramin da ya fi zurfi. Mutane na koke a kan abubuwa dubu, amma kaɗan ne suke sa hannu a aljihu dominsu. Kuma duk giɓin da ka hango, akwai abin da aka riga aka toshe shi da shi, ko da tsumma ne. Da na yi tambayar jiya, da na ji cewa in tumatir ya yi tsada uwargida tana aika yaro shagon bakin layi ya sayo na leda, ko ta auno kauɗa a kasuwa ta jiƙa, ko ta koma miyar kuka da kuɓewa har farashi ya sauko. Waɗannan su ne abokan gasata, ba wani mai garin tumatir ba. Nawa kayan ya fi kauɗa tsada, bai kuma kai na leda jan miya ba. Ya tsaya a tsakiya, inda babu kowa.

Sai daga baya na gane wani abu da ya fi wannan ciwo. Wanda ruɓewar tumatir take ƙona wa rai manomi ne da dillali. Uwargida kuwa tsadar tana ɗan damunta, amma tana da mafita uku. Wato matsalar wani na warware, na kai wa wani takardar biya. Don haka kafin komai ka tambayi kanka: wa abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, nawa yake rasawa a mako saboda shi, kuma shi ne mai riƙe da kuɗin?

In ka ga abu kamar a fili yake amma ba mai yi, kada ka yi saurin cewa kai ka fara gani. Ruwa ba ya tsami banza. Filato ce gidan dankalin Turawa a ƙasar nan, kuma duk shekara in na Bokkos da Mangu ya fito ya karye, sai wani ya ce zai saya ya ajiye. Waɗanda suka gwada za su ba ka labarin yadda buhu ke ruɓewa daga tsakiya, da yadda yake tsiro yana yanƙwanewa in ya daɗe. Haka sitiroberin da ake nomawa wajen Vom: masu sayensa da tsada suna Abuja da Legas, shi kuwa ɗan kwanaki ne, don haka sana'ar ba ta noma ba ce kawai, ta hanya ce da sanyaya kaya. Ba cewa nake kada a shiga ba. Cewa nake a nemo wanda ya shiga ya fito, a saya masa shayi, a saurara. Zuwa da kai ya fi aike: kwana uku na kasuwa kana zaune da littafi kusa da dillalai, da 'yan dako, da direbobin da ke lodi, sun fi wata guda kana bincike a waya.

Kishiyar wannan kuma ita ce bin yayi. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 masu POS sun samu, sai kowa ya sayi lema da tebur. Yanzu a layi ɗaya sai ka ƙirga biyar suna hamma. Buƙatar gaskiya ce, amma an riga an biya ta. In za ka shiga abin da ake yi, faɗi a jimla ɗaya dalilin da zai sa mutum ya wuce na kusa da shi ya zo wurinka. In jimlar ta ƙi fitowa, dakata.

Fara da kwalliya

Shago, fenti, allon suna, hatimi, kati mai ruwan gwal, alhali ko kwabo bai shigo ba. Tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002 wuri ya yi daraja a kewayen Taminus, kuma mai shago kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali. Wanda ya zuba rabin jarinsa a haya ya ɗaure kansa wata 12 a kan abin da bai gwada ko mako biyu ba.

Gwaji ƙarami ake yi. Ba ka buƙatar inji, akwai masu niƙa. Ba ka buƙatar shago, akwai ɗan'uwa mai gefen tebur, akwai WhatsApp. Leda 30 sun isa su faɗa maka abin da 300 za su faɗa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana da amfani, musamman in za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, amma ba ita ke kawo mai saye ba, kuma ba za ta gudu ba. Inda ba a wasa shi ne abin da za a ci ko a shafa a jiki: tsafta tun ranar farko, kuma kafin kayan da ka ɗura su bazu a shaguna sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Saka wannan a lissafi tun yanzu, kada ya zo maka bagatatan.

Kuɗin gwajin kuma ka yanka masa iyaka, ya zama abin da in ya tafi za ka iya barci. Ba kuɗin adashin mutane ba, ba sarƙar matarka ba.

Gwaji a lokaci ɗaya

Jos gari ne mai fuska da yawa. Abin da ya tafi a sanyin Disamba da Janairu, lokacin da mai shayi da mai rigunan sanyi a kasuwar Katako ke dariya, ba lalle ya tafi a Afrilu ba. Cinikin azumi da na jajibirin Salla ko Kirsimeti ba ma'auni ba ne. Wanda ya kafa sana'arsa a kan ɗaliban Jami'ar Jos kuwa ya tuna 2022, da yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Ni a hunturu na yi gwajina, iska a bushe, gari na zuba kamar yashi. Agusta na zuwa, da ruwan Jos da ba ya gajiya, garin ya shaƙi danshi ya dunƙule a leda, launinsa ya yi duhu. Daidai lokacin da na shirya sayarwa ke nan.

Lissafin da ya manta rabin kuɗin

Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Kilo 20 na ɗanye, in ya bushe, ba zai ba ka kilo 2 ba, tun ba a cire ruɓaɓɓu ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake zama da biro. Ƙara da dako, da kuɗin Keke, da leda, da gawayi ko mai, da ladan yaran da suka yanka. Sannan ladanka kai kanka, wanda kusan kowa ke tsallakewa. In ka sa wa wuninka farashin abin da za ka samu a wani aikin, riba da yawa sai ta koma asara.

Kada kuma lissafin ya tsaya a farashin yau. Wanda ya tsara sana'ar kai kaya gida gida kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, ya wayi gari da wani lissafi daban. Gwada naka: in kuɗin mota ya ninka, in kayan sari suka tashi da kashi ɗaya cikin huɗu, akwai abin da ya rage?

Sai bashi. Na rarraba kaya a shaguna a kan "ajiye, in an saya ka dawo", na rubuta su a littafi a matsayin ciniki. Mai shago ba ya ƙin irin wannan, don ba abin da ya rasa. Bayan wata biyu na kwaso yawancinsu da ƙura. Kayan da ba a biya ba ba a sayar ba. Kai, ko sayen farko ma bai gama magana ba, don wani kara ce ta sa shi, wani son gani. Wanda ya dawo karo na biyu da ƙafarsa, ba ka kira shi ba, shi za ka ƙirga.

Ɓoyo da naci

Wasu ba sa gwadawa don tsoron a sace musu dabara, ko a sa musu baki. Sirrin haɗi da inda kake sari, riƙe abinka. Amma ba za ka ɓoye wa mai saye abin da kake son ya saya ba. Wasu kuma sun gwada, amsa ta fito, suka ƙi ji, suna ta ƙara kuɗi don kada a ce sun gaza. Maganin wannan shi ne ka rubuta sharaɗin tsayawa tun kafin ka fara, lokacin da zuciya ke kwance: in mutum 30 suka saya, ƙasa da 10 suka dawo cikin wata guda, na tsaya ko na sauya.

Sauyawar ma sau da yawa daga bakin wanda ya ƙi saye take fitowa. Wata mai abinci kusa da tashar Bauchi Road, da na matsa mata da garina, ta ce, "Ɗana, ni ba wannan ne damuwata ba. Sammakon Farin Gada da layin injin markaɗe su ke cinye mini safiya, kafin in ɗora tukunya direbobi sun fara tambaya." Wancan lokacin ban saurara ba, don kayana nake son sayarwa. Bana na koma wurinta da littafi. Yanzu ni nake sayo mata kayan miya, in wanke, in kai markaɗe, in sauke mata bokiti kafin ƙarfe bakwai. Ban sayi inji ba, ban buga takarda ba. Mata uku masu abinci sun biya kuɗin mako tun ranar Asabar, ta huɗu ta ce sai ta ga yadda zan yi in damina ta sauka.