Darasi na 7: Yadda Ake Auna Ribar Aiki a Kamfanin Abinci da Abin Sha

Kamfani yana iya cika motoci da kaya kullum, amma ƙarshen shekara a tarar da abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ake auna ribar aiki, wato abin da ya saura daga ciniki bayan an fitar da duk kuɗin sarrafa kaya da na tafiyar da kamfani, kafin a taɓa haraji da ruwan bashi.

Ku ɗauki takarda mu yi lissafin tare da wannan misali:

1. Cinikin shekara: 1,000,000. A rubuta shi bayan an cire rangwame da kayan da aka dawo da su.
2. Kuɗin sarrafa kaya: 620,000. A ciki akwai kayan haɗi na 400,000, sauran kuma kwalabe, kwali, wutar injina da ladan ma'aikatan masana'anta. Saura 380,000.
3. Kuɗin gudanarwa: 260,000. Albashin ofis, haya, talla, dakon kaya, ɗakin sanyi da tsufan injina. Saura 120,000. Wannan ita ce ribar aiki.
4. A raba 120,000 da 1,000,000, a ninka sau 100. Amsa: kashi 12 cikin ɗari.

Ma'ana, a kowace ɗari da ta shigo, 12 ce ta zauna.

Ku kula da nan sosai. Idan kayan haɗi suka yi tsada da kashi 10 kacal, an ƙara kashe 40,000. Riba ta koma 80,000, wato kashi 8. Kashi ɗaya cikin uku na ribar ya tafi, alhali ciniki bai ragu ko kaɗan ba. Ƙara farashi ba ya yiwuwa nan take, domin mai saye yana da zaɓi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsufan injina, don ba a ganin kuɗin yana fita daga aljihu. Injin 600,000 da zai yi shekara 10 yana cin 60,000 duk shekara, kuma dole a rubuta. Haka kayan da wa'adinsu ya ƙare a sito ko suka lalace saboda sanyi ya ɗauke: asara ce, a saka ta cikin lissafi. Kuɗin sayar da tsohuwar motar kamfani kuwa ba ciniki ba ne, kada a haɗa.

A shekarar 2023, PepsiCo ya yi cinikin kusan dala biliyan 91, Coca-Cola kuma kusan biliyan 46, amma ribar aikinsu ta yi kusa da juna: kimanin biliyan 12 da biliyan 11. Na farko ya samu kusan kashi 13, na biyu kusan kashi 25. Babban dalili shi ne Coca-Cola ya fi sayar da ruwan haɗin lemo ga wasu kamfanoni su ɗura su raba, PepsiCo kuwa yana ɗaukar nauyin sarrafawa da rarraba yawancin kayansa. Don haka a riƙa kwatanta kamfani da irinsa, ko da kansa a bara.

Aikin gida: ciniki 800,000, sarrafa kaya 520,000, gudanarwa 200,000. Nawa ne ribar aiki, kuma kashi nawa ce cikin ɗari?